Awon tsawon tiji a injin 2F da aka ƙara wa ƙarfi

Motar tsohuwar Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, ta wani Alhaji ɗan kasuwa da ke lodin kaya daga nan Damagaram zuwa kasuwannin wajen Tanut da na arewacin Gure, inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Injin da ke cikinta 2F ne mai shan esansi, irin wanda Toyota ta ƙera tsakanin 1975 da 1988: silinda shida a jere, lita 4.2, abrakam ɗinsa kuma, wato sandar nan mai tozaye da ke buɗe supap, a ƙasa yake cikin bulok, haƙoran ƙarfe ke juya shi, ba sarƙa ba bel. Supap kuwa, ƙofofin da ke shigar da esansi su fitar da hayaƙi, suna can sama a cikin kilas, wato kan injin da ke rufe bulok. Abin da ke kai saƙo daga ƙasa zuwa sama abu uku ne. Tozon kam, wato tozon abrakam, ya ɗaga pusuwar, ɗan ƙarfen da ke zaune a kansa, pusuwar ya tura tiji, wato siririn sandan ƙarfen nan da ke hawowa ta cikin bulok da kilas, tiji ya ɗaga wutsiyar kilbitar, kan kilbitar ya danna supap ta buɗe. Kilbitar kamar jigon lambu yake, gefe ɗaya ya hau ɗayan ya sauka, gindinsa kuma yana tsakiya a kan sandar da muke kira ramp. Yaran da suka tashi a kan injin 1HZ, wanda abrakam ɗinsa ke bisa kilas, da yawansu ba su taɓa riƙe tiji a hannu ba, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda aikin nan ya gudana.

Alhaji ba gyara kaɗai yake so ba, so yake motar ta ƙara ja in ta ɗauki kaya ta shiga yashi. Kafin injin ya iso hannuna an riga an yi masa abubuwa da dama a Kano. An share fuskar kilas don ya ɗan tanƙware saboda zafi, an ɗan goge fuskar bulok, an sake wa abrakam fiƙa don supap su ƙara buɗewa, an gyara fuskar pusuwar goma sha biyu don su dace da sabuwar fiƙar, an kuma sa sababbin supap aka yanke musu mazauni. Kowane ɗaya a cikin waɗannan aiki ne mai kyau. Sai dai kowannensu ya taɓa tazarar da ke tsakanin kam da kilbitar, ita kuwa tazarar nan tiji ne ke cike ta, kuma tijin da ke cikin kwalin Alhaji na asali ne, wanda aka yi wa injin da ba a taɓa ba.

A gareji ra'ayi ya rabu biyu. Wasu suka ce an share kilas, kilas ya sauko, ai sai a rage tsawon tiji. Wasu suka ce ba sai an taɓa komai ba, don me aka yi bis ɗin regilaj, na daidaita gibi, a wutsiyar kilbitar in ba don ya shanye irin wannan ba? Masu magana ta farko sun kama gaskiya ta gefe ɗaya suka saki sauran. Masu ta biyu kuma sun ɗora wa bis kayan da ba nasa ba: an yi shi ne don ɗan gibin da ake bari saboda zafi da kuma cin ƙarfe na yau da gobe, ba don milimita biyu ko uku ba.

Na fara da takarda da piye-a-kulis, ma'aunin kauri da tsawon ƙarfe. Na aro kilas da abrakam na wani 2F da ba a taɓa yi wa aiki ba daga wani abokin sana'a a Sabon Gari, don in sami abin kwatantawa. Kilas ɗinmu ya ragu da milimita 0.5, bulok kuma takardar masu shara ta nuna 0.1. Wannan 0.6 ke nan da kilas ya matso kusa da kam, kuma shi kaɗai ne ke neman a gajarta tiji. Sai na koma kan abrakam. Mai fiƙa ba ya iya ƙara wa tozo ƙarfe, abin da yake yi shi ne ya ci bayan tozon, wurin da pusuwar ke zaune lokacin da supap take rufe, ta haka tozon ya zama ya fi tsini in an gwada shi da bayansa. Na auna kaurin wurin a gicciye, na tarar ya gaza na asali da milimita 3. A nan mutane ke ruɗewa. Pusuwar a gefe ɗaya yake zaune, don haka rabi ne ya shafe shi, wato ya nutse da 1.5, ba 3 ba. Gyaran fuskar pusuwar ya ƙara cin 0.3. Ka ga tun a takarda maganar ta juya: 1.8 na neman ƙari, 0.6 na neman ragi. Tijin da ake cewa a yanke, ashe gajere ne.

Sai supap. Na ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a bisa kilas ɗin biyu na auna tsayin kan kowace supap. Namu sun fi na asali tsayi da kusan milimita 2, wani ɓangare saboda ƙafar sababbin ta ɗan fi tsawo, wani kuma saboda mazaunin da aka yanke ya sa sun ƙara shigewa ciki, kansu ya ƙara fitowa sama. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini lokaci, domin ba tsawon tiji kaɗai ya taɓa ba, ya taɓa yadda kilbitar ke zama a kan supap.

Lissafi yana nuna maka hanya ne kawai, ba a yanka ƙarfe da shi. Don haka muka yi haɗin gwaji. Abrakam da pusuwar a wurinsu, kilas a bisa da tsohon juwan, wato abin da ake shimfiɗawa tsakanin kilas da bulok, irin wanda za mu sa, wanda ya riga ya matsu, domin sabon juwan da ba a ɗaure ba ya fi kauri kuma zai ba ka awon ƙarya. A silinda ta 1 da ta 6 na cire resor na gaske, naɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da supap ta rufe, na sa masu laushi, irin waɗanda za ka danna da yatsa, don a iya juya injin da hannu ba tare da wahala ba kuma kada tijin gwaji ya lanƙwashe. Na zaɓi ta 1 da ta 6 ne don su ne baki da baki. In sharar kilas ta fi ci a gefe ɗaya, a nan za ta bayyana.

Tijin gwaji kuwa wajen wani dattijo mai tur, injin fere ƙarfe, a Zango aka yi shi. Ya ɗauki tsohon tiji ya raba shi biyu, ya cire ɗan guntu a tsakiya, ya haɗa da dogon noti da bis mai zaren M6, da ƙaramin noti na kullewa. Amfanin M6 shi ne zagaye ɗaya cikakke milimita ɗaya ne daidai, saboda haka ko da ido kana iya sanin nawa ka ƙara. Da zan karɓa ya ce mini, “Ɗana, wannan na awo ne kawai, kada wani yaro ya manta shi a cikin inji.” Na ce, “In sha Allahu, Baba.” Na shafa masa jan fenti don kada ya ɓace cikin ƴan'uwansa.

Kafin a auna komai dole pusuwar ya kasance a bayan tozo. Hanya mafi sauƙi a inji mai silinda shida ita ce ka juya har kilbitar biyu na silinda ta 6 su shiga balans, ɗaya na gama rufewa ɗaya na fara buɗewa. A lokacin silinda ta 1 tana ƙololuwa kuma supap ɗinta biyu a rufe suke ruf. In kana son ta 6, sai ka jira balans a ta 1. Haka 2 take da 5, 3 take da 4.

Na goge kan supap da esansi ya bushe, na shafe shi da baƙin alƙalami irin wanda ake rubutu da shi a jikin buhu, na ɗaura ramp, na daidaita gibi, na sa apranti ya juya injin zagaye biyu a hankali da kile a kan notin gaba. Da na cire ramp na duba, sai ga shi ƙarara. Kan supap ɗan da'ira ne da bai kai girman farcen ɗan yatsa ba, baƙi ƙirin da tawada, sai wani faffaɗan zane mai ƙyalli inda kilbitar ya goge. Zanen bai zauna a tsakiya ba. Ya karkata wajen ramp, farkonsa har ya kusa taɓa bakin da'irar, gefen waje kuwa tawada na nan ko gezau. Haka a supap ta shiga, haka a ta fita, haka a silinda ta 6. Ma'anarsa kilbitar ba danna supap kawai yake yi ba, yana kuma tura ta gefe a duk buɗewa. Supap da ake tura wa gefe tana cin gid ɗinta, wato bututun da ƙafarta ke bi, gid in ya ci sai mai ya fara zurara ciki, mazauni ya daina rufewa daidai, kafin wani lokaci mota ta fara hayaƙi a ce ai aikin da aka yi ne bai yi kyau ba.

Babban aprantina yaro ne mai son sani, yana yawan kallon bidiyon gyaran inji a waya. Ya ce, “Maigida, ai na ga yadda ake yi. In zanen ya yi ciki sai a ƙara tsawon tiji, ya dawo tsakiya.” Ban yi masa gardama ba, na ce ya gwada da hannunsa. Ya ƙara zagaye biyu a tijin gwaji, ya sassauta bis ɗin regilaj har gibin ya dawo, ya sake shafa tawada, ya juya. Zanen na nan inda yake, bai motsa ko ƙanƙani ba.

Wannan ita ce maganar da na fi son mai karatu ya riƙe. Abin da yaron ya gani gaskiya ne, amma a wani irin inji. A manyan V8 na Amurka, irin na Chevrolet, kowane kilbitar a kan nasa turken yake, noti ne ke riƙe shi daga sama. In ka sa tiji mai tsawo sai ka sassauta notin, gindin kilbitar gaba ɗaya ya hau, zamansa a kan supap ya canza. A can tsawon tiji shi ne ke gyara zanen. A 2F kuwa, da Peugeot 504 da tsohuwar Land Rover, kilbitar duka a kan sanda ɗaya suke, sandar kuma a ɗaure take da kilas, ba ta hawa ba ta sauka. Muddin supap na rufe kuma kan kilbitar na bisanta, kusurwarsa ta riga ta tabbata, tiji ko dogo ko gajere abin da zai canza shi ne wurin da bis zai tsaya. Saboda haka a irin injinmu aiki biyu ne daban, kuma da jeri: a fara gyara tsayin ramp har zanen ya zauna, sannan a auna tiji. Wanda ya fara da tiji zai sake aunawa.

Akwai kuma wani abin da bidiyon ke ɓatar da mutane a kai. Kilbitar da ake nunawa a can yawanci masu ɗan gare ne a baki, zanensu siriri ne. Namu bakinsa lanƙwasasshen ƙarfe ne da ke mirginawa a kan supap, zanensa dole ya fi faɗi. Kada ka wahalar da kanka neman siririn layi. Abin nema shi ne zanen ya zauna tsakiya, ya bar tawada a gefe biyu, kuma idan supap ta kai rabin buɗewarta hannun kilbitar ya kasance a gicciye daidai da ƙafar supap ɗin.

Tunda kan supap ya hau, sai ramp ta bi shi. Baba mai tur ya yanko mini ƴan faranti masu kauri daban-daban, muka riƙa sa su ƙarƙashin ƙafafun ramp muna sake tawada. Da faranti mai milimita 1 zanen ya matso amma bai iso ba. Da mai 2 ya wuce, ya fara leƙa bakin waje idan supap ta buɗe duka. A 1.5 ya zauna. Kuma akwai dalili: kan supap ya hau da 2, amma sabon kam ya ƙara zurfin buɗewa da kusan milimita 1 kamar yadda agogon awo ya nuna mini, don haka tsakiyar tafiyar ta sauka da rabin wannan. Ka cire 0.5 daga 2, ga 1.5.

Farantin nan ba abin da za a yanko daga gwangwani ba ne. Dole dukansu su fito daga ƙarfe ɗaya, kauri ɗaya, a goge su sumul, in ba haka ba za ka ɗaure ramp a tanƙware kilbitar su riƙa cijewa. Sannan man da ke shayar da kilbitar ta cikin kilas yake hawowa ya shiga ramp ta ƙafa ɗaya. Farantin wannan ƙafar dole a huda masa ramin mai a daidai inda yake. In ka toshe shi injin zai tashi lafiya lau, ya yi ta aiki sama a bushe, ba za ka sani ba sai ƙara ta fara. Na sa waya siririya ta ratsa daga faranti zuwa ramin kafin in ɗaure, na kuma tabbatar bulo ɗin ramp suna da sauran zare isasshe a cikin kilas bayan ƙarin kaurin.

Yanzu ne aka zo kan tiji. Na koma kan kilas ɗin da na aro na auna yadda bis ɗin regilaj ke leƙowa ƙarƙashin kilbitar a zamansa na asali, na sa namu a daidai wannan wuri na kulle. Daga nan ban sake taɓa bis ba. Na sa tijin gwaji, na zura kal, siririn farantin awon gibi, tsakanin kilbitar da kan supap, na riƙa warware tijin a hankali har kal ɗin ya fara ja kaɗan in ka zare shi. Na kulle notin. Da yake resor mai laushi ne, sai na danna kilbitar da yatsa supap ta sauka, tijin ya fito ba tare da an kwance komai ba.

Awon kansa yana da tarko. Ƙasan tiji dunƙule ne da ke zama cikin pusuwar, samansa kuma ɗan kofi ne da kan bis ke shiga. In ka auna daga baki zuwa baki ka haɗa da leɓen kofin, shi kuwa leɓe ba ya ɗaukar komai, kuma zurfinsa ya bambanta daga tiji zuwa tiji. Abin da ke aiki shi ne daga ƙasan kofi zuwa ƙarshen dunƙule. Sai na samo ƙwallon rulma ɗaya da ya zauna daram a cikin kofin, na auna tsawo da ƙwallon a ciki, na cire kaurin ƙwallon. Haka na yi wa tijin asali da ƙwallon guda. Ƙaramin piye-a-kulis ɗina mai santimita 15 bai isa ba, a babban na Baba muka auna. Wurare huɗun da na gwada sun ba ni ƙarin da ke tsakanin 2.3 da 2.5 bisa na asali.

Na koma takarda don in ga ko sun yarda da juna. Kam 1.5, pusuwar 0.3, a cire shara 0.6, saura 1.2. Faranti ya ɗaga ramp da 1.5, ya zama 2.7. Kan supap har yanzu ya fi ramp hawa da 0.5, wannan yana danna wutsiyar kilbitar ƙasa, amma ba duka ba, tunda hannun wajen supap ya fi na wajen tiji tsawo da wajen ninki ɗaya da rabi; abin da ya isa tiji kusan 0.3 ne. Saura 2.4. Awo da lissafi sun haɗu, hankalina ya kwanta.

Da yamma Alhaji ya zo da direbansa. Na nuna masa kan supap mai tawada da takardar. Ya ce, “To Malam, duk wannan jinkirin a kan abin da bai kai kaurin ƙwayar gero biyu ba? Ka ɗaure bis ɗin mana ya cike.” Na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma, zai cike, motar kuma za ta tashi yau ɗin nan.” Sai na ɗauko kilbitar ɗaya na murɗa bis ɗin ƙasa da milimita biyu da rabi na miƙa masa. Ya ga yadda ya zazzago a ƙasa, ya ga notin kullewa a sama ya rage yana riƙe da ɗan zare kaɗan. Na ce masa duk bugun da tiji zai yi a kan wannan tsinin zai sauka, a karkace, sau dubbai a kowane kilomita, kuma ranar da notin zai saki ko bis ɗin ya karye ba a bakin gareji za ta same su ba. Direban ne ya amsa, ya ce, “Alhaji, a bar shi ya yi. Ni ne zan kwana a daji.” Alhaji ya ce a yi abin da ya dace.

In tiji ya yi tsawo fiye da kima ma matsala ce, har ta fi saurin nunawa. Bis zai koma sama har leɓen kofi ya riƙa dukan cikin kilbitar, in kuma gibi ya ƙare supap ba za ta rufe duka ba idan inji ya yi zafi, ta fita ita ce ke fara ƙonewa.

Samun tijin ya fi auna shi wuya. Mun duba wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota a nan gari, mun aika awo Ƙofar Ruwa a Kano. Waɗanda tsawonsu ya kusa, kofinsu ko dunƙulensu bai yi daidai da namu ba, kuma kofin da bai dace da kan bis ba a wuri ɗaya zai riƙa ci. An kawo shawarar a jefa wanki, wato ɗan zoben ƙarfe, a cikin pusuwar ƙarƙashin tiji, an kawo ta a yanke a ƙara guntu a yi walda. Na ƙi duka biyun. Wanki ba shi da mazaunin dunƙule, zai yi ta yawo har ya farfashe. Walda kuma tana kashe taurin ƙarfe a daidai tsakiya, wurin da tiji ya fi son lanƙwasa, kuma da wuya ya fito a miƙe.

Baba ne ya kawo mafita. Ya samo bututun ƙarfe mai kaurin bango marar ɗinki, ya yanko kofi da dunƙule daga tsofaffin tijojin da ɗan wuya a bayansu, ya fere wuyan ya bar masa kafaɗa, ya matsa su cikin bututun da fires har kafaɗa ta zauna. Bakin da ke da tauri bai taɓa shi ba, wuta kuma ba ta shiga aikin ba. Kowanne ya auna shi da ƙwallon nan. Da suka zo na kwantar da gilashin ƙofar mota mai shimfiɗe a kan tebur na mirgina su ɗaya bayan ɗaya. Miƙaƙƙe yana tafiya shiru, mai lanƙwasa kuwa za ka ji yana ɗan ƙwanƙwasa gilashi ka ga haske na buɗewa yana rufewa a ƙarƙashinsa. Guda ɗaya ya yi haka, Baba ya sake shi. Da yake bututun ya ɗan fi na asali kauri, na shafe jikinsu da tawada na juya injin don in ga ko suna gogar ramin da suke bi a kilas. Babu wanda ya goga.

Sauran dubawa na yi su a wannan haɗin gwajin: laka a kan piston don ganin tazararsa da supap tunda kilas ya sauko kuma buɗewa ta ƙaru, resor na gaske don tabbatar ba ya haɗewa ƙam idan supap ta buɗe duka, da tazarar hular resor da kan gid. Resor ɗin sun ɗan saki saboda supap sun hau, na sa musu wanki a ƙasa suka koma tsayinsu.

Ranar tashi na ɗiga farin fenti a wuyan kowane tiji, na rufe da tsohon murfi da muka yanke samansa don a riƙa gani ba tare da mai ya wanke mu ba. Sabuwar fiƙar kam ba ta son a bar inji yana tafiya a hankali, don haka da ya kama muka riƙe shi wajen zagaye 2000 a minti na kusan rabin awa, ido a kan zafi da matsin mai. Abu biyu nake kallo. Na farko mai ya fito a kowane kilbitar, har na bakin ƙarshe. Na biyu ɗigon fentin nan su riƙa zagayawa, domin pusuwar mai lafiya juyawa yake a kan tozo yana juya tiji tare da shi, wanda ya tsaya cak kuwa zai cinye tozonsa cikin ɗan lokaci. Sha biyun duka suna juyi, wasu da sauri wasu a hankali.

Da zafinsa muka yi regilaj na ƙarshe, muna bin jerin wuta 1-5-3-6-2-4, milimita 0.20 a supap ta shiga, 0.35 a ta fita, kamar yadda littafin 2F ya ce, tunda mai fiƙar kam bai ba da wani adadi nasa ba. Kowane bis ya tsaya kusa da inda na sa shi tun farko, notinsa da cikakken zare. Muka ɗora buhuna muka bi hanyar Mirya. A hawa na ji ɗan ƙarar ƙwanƙwasa in an taka da nauyi, abin da ake tsammani tunda shara ta ƙara matsi, na ɗan mayar da wuta baya ta ɗauke. Bayan ta huce na buɗe murfi na cire ramp na duba kan supap, goguwar tana tsakiya.

Na sa Baba ya ƙara guda biyu, na naɗe su a tsumma mai mai na ba direba ya ajiye a akwatin kayan aiki, domin in ɗaya ya lanƙwashe a hanya na kasuwa ba zai yi masa ba. A cikin murfin supap kuma na buga da fonsho cewa tijin wannan inji ya fi na asali da 2.4 kuma akwai faranti 1.5 ƙarƙashin ramp, na rubuta haka a takarda na haɗa da takardun motar. Na ce ya dawo da ita bayan tafiyarsa ta farko zuwa Tanut a sake ɗaure kilas a sake duba gibi.